Kujerar kansila a Legas: inda ake gama zaɓe tun ba a kai akwati ba

Ranar Asabar 12 ga Yulin 2025 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Legas, kuma ba wanda sakamakon ya girgiza. APC ta kwashe kujerun ciyaman 57 kaf, ta haɗa da na kansila 375 cikin 376. Guda ɗayar da ta suɓuce mata PDP ce ta tsince ta a Yaba. Wannan fa a jihar da Peter Obi na jam'iyyar Labour ya sha gaban Bola Tinubu a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, da ƙuri'a 582,454 a kan 572,606. A yawancin unguwannin da Hausawa suke, daga Agege zuwa Idi-Araba, ranar hutu aka ɗauke ta. An hana motoci zirga-zirga, yara sun dasa duwatsu a tsakiyar titi suna buga ƙwallo, manya na kan benci a ƙofar shago. Ka tambayi mutum ko ya je rumfa, ya ce maka: "Na je in yi me? Ai an riga an rubuta."

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Sai dai tana rufe baki ne a daidai inda ya kamata a buɗe shi. In an rubuta, a ina aka rubuta, da wace ƙa'ida, kuma me ya sa sunan namu ba ya yawan fitowa a rubutun, alhali mun cika kasuwa mun cika masallaci?

Abin da ya fara rikita mutum a Legas shi ne taswira biyu ake aiki da su. Kundin tsarin mulki na 1999 ƙananan hukumomi 20 ya lissafa wa jihar. A 2003 gwamnatin Tinubu ta ƙirƙiro wasu 37, bisa hujjar cewa yawan jama'ar Legas ya fi ƙarfin 20, musamman idan aka dubi Kano mai 44, ko Jigawa da aka cire daga Kano a 1991 take da 27. Shugaba Obasanjo ya ce bai san zancen ba, ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas a 2004. Da aka je Kotun Ƙoli, a watan Disambar shekarar ta raba gardama ta hanyar da kowa ya samu abin riƙewa: shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu cikin kundin. Majalisar ba ta yi ba har yau. Sai Legas ta sauya musu suna zuwa hukumomin raya yanki, waɗanda kowa ke kira LCDA, ta ci gaba da zaɓa musu ciyaman da kansiloli kamar sauran. Kuɗin da aka riƙe kuwa sai zamanin 'Yar'aduwa aka sake su.

Shi ya sa Agegen da Abuja ta sani guda ɗaya ce, amma a Alausa, mazaunin gwamnatin jihar, biyu ce: Agege da Orile-Agege. Kosofe, inda kasuwar Mile 12 take, uku ce: Kosofe, Agboyi-Ketu da Ikosi-Isheri. Obalende tana ƙarƙashin Eti-Osa a kundin ƙasa, amma ciyaman ɗinta na Ikoyi-Obalende ne. Alimosho ita kaɗai gida shida aka raba ta.

Haka abin ya gangaro har kan mazaɓu. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, mazaɓu 245 take da su a Legas. Hukumar zaɓe ta jiha, LASIEC, wadda ita ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, 376 take da su, kuma kowace ɗaya kansila ɗaya take fitarwa. To amma LASIEC ba ta yin rajistar masu zaɓe. Kundin tsarin mulki ya bar wannan aiki a hannun INEC, ita hukumar jiha iyakarta ba da shawara da karɓar rajistar ta yi aiki da ita. Ɗauko katin zaɓenka ka duba lambobin da ke jiki: na farko na jiha ne, 24 ke nan in a Legas ka yi, sai na ƙaramar hukuma, sai na mazaɓa, sai na rumfa. Babu LCDA a wurin, kuma mazaɓar da ke rubuce ta INEC ce. Saboda haka mutum biyu suna iya riƙe kati mai mazaɓa ɗaya, amma ranar zaɓen kansila kowa da ɗan takarar da zai zaɓa, don LASIEC ta jefa rumfunansu a mazaɓu daban. Rumfa ita ce ma'auni. Wanda bai san wace mazaɓar LASIEC rumfarsa ta faɗa ba, bai san kansilansa ba, balle ya san taron jam'iyyar da ya kamata ya zauna.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna girman abin. A 2023 masu rajista a Legas 7,060,195 ne, rumfuna 13,325. In ka raba wa mazaɓu 376, kowace za ta tashi da mutum kusan 18,800 da rumfa wajen 35, duk da cewa wasu sun ninka haka, wasu ba su kai rabi ba. Sannan ka tuna 'yan ƙalilan ne ke fitowa zaɓen ƙaramar hukuma. Ma'ana, jama'ar da take da ƙuri'a dubu biyu ko uku a dunƙule cikin mazaɓa ɗaya, ba mai raina ta. Amma in layin mazaɓa ya ratsa tsakiyar unguwa, rabi ya faɗa nan rabi can, sai dubu ukun nan ta koma tsiraru a wuri biyu. Masu zana layi sun san wannan sarai, a Legas da ko'ina. Mu ne ba mu cika tambayar ta ina layin ya bi ba.

Sai tambayar da ake yawan yi a majalisun shayi: shin Bahaushe ma yana da damar tsayawa kansila a nan, ko sai ɗan asalin jiha? Doka ba ta ce sai ɗan asali ba. Sashe na 7(4) na kundin tsarin mulki ya wajabta wa gwamnatin jiha ta tabbatar duk wanda ya cancanci ya zaɓa ko a zaɓe shi a zaɓen majalisar dokokin jiha, yana da wannan haƙƙin a zaɓen ƙaramar hukuma. Sharuɗɗan majalisar jiha kuwa suna sashe na 106: ka zama ɗan Najeriya, ka kai shekara 25 (da 30 ne, gyaran 2018 ya rage), ka yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko kwatankwacinsa, kuma ka zama ɗan jam'iyya wanda jam'iyyar ta tsayar. Babu takardar shaidar asali a jerin. Sashe na 42 ma ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda ƙabilarsa ko inda ya fito ko addininsa. Yaron da aka haifa a Zangon Agege, kakansa ya sauko fataucin goro tun zamanin da jirgin ƙasa ke sabon abu, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, a idon doka ba shi da maraba da maƙwabcinsa.

Ta fuskar jefa ƙuri'a ma ƙofa a buɗe take. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda ke aiki lokacin zaɓen 2025, ta ce mutum na iya rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito. Wato mai rumfar tumatir a Mile 12 yana iya rajista a can ko da a Ikorodu yake kwana. Wanda ya yi rajista a gida kuma yana iya neman a dawo masa da ita, kuma a dokar 2022 ɗin sai ya nema kafin saura kwana 90 zaɓe.

A nan ne namu laifin yake, kuma ba ƙarami ba ne. Je ka cikin 'yan dako ko 'yan baro ka ce kowa ya fito da katinsa. Za ka ga 19 ta Kano, 17 ta Jigawa, 20 ta Katsina, 33 ta Sakkwato, kafin ka ci karo da 24. Mutum ya shekara goma sha biyar a Ikko, iyalinsa na nan, 'ya'yansa na makarantar nan, amma zaɓen gwamna na matsowa sai ya hau tirela ya tafi gida, don can ne ake ganin ƙuri'arsa, can ɗan takara ya san sunan babansa. Ban ga laifin mai zuwan ci-rani ba, wanda damina na faɗuwa zai koma gona. Amma wanda ya riga ya kafa gida, ya bar ƙuri'arsa a wata jiha, ya cire kansa daga lissafin duk mai rabon tikiti a Legas. Ɗan siyasa ba ya ƙirga sahun Juma'a. Takardar sakamakon rumfa yake dubawa.

Sharaɗi na huɗun nan, na jam'iyya, shi ne gundarin maganar. Najeriya ba ta da ɗan takara mai zaman kansa. Sashe na 221 ya keɓe wa jam'iyyu neman ƙuri'a. A takardar ƙuri'a ma tambarin jam'iyya za ka gani. To a jihar da jam'iyya ɗaya ke cin 375 cikin 376, ranar da aka ba da tikiti ita ce ranar zaɓe. Na Yuli shaida ce kawai ake sa wa hannu. A 2025 APC ta yi zaɓen fid da gwanin ciyamomi tun watan Mayu, ta hanyar wakilai, a sakatariyarta ta jiha da ke titin Acme a Ogba, kuma a ƙananan hukumomi da dama an yi ta zanga-zangar zargin ɗauki-ɗora. Hayaniyar da ba a gani ba a Yuli, a Mayu aka yi ta.

A lokacin, Dokar 2022 ta ba jam'iyyu hanya uku. Akwai 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya zai zaɓa, sau da yawa ta hanyar ƙato bayan ƙato. Akwai ta wakilai, masu sunan daliget, waɗanda su kaɗai ke jefa ƙuri'a a madadin kowa. Sai maslaha, inda za a daidaita a kan mutum ɗaya. Kowace da ƙofar da ake bi a murɗe ta. A 'yar tinƙe rajistar 'yan jam'iyya ce makami, shi ya sa dokar 2022 ta ce a miƙa ta ga hukumar zaɓe kwana 30 kafin fid da gwani. Wanda ya yanki kati ana gobe, layi kawai zai tsawaita. A ta wakilai, wanda ya naɗa shugabannin mazaɓa tun shekarun baya shi ke da daliget, don haka an ci zaɓen tun a taron da aka zaɓi shugaban jam'iyya na mazaɓa, da sakatare, da shugabar mata, da shugaban matasa, taron da yawancinmu ba mu ma ji labarin an yi ba. Maslaha kuwa dokar 2022 ta ɗaure ta da sharaɗi mai kyau a takarda: sai duk 'yan takarar da aka tantance sun rubuta cewa sun janye da son ransu, sun mara wa wanda aka tsayar baya, in ba haka ba a koma ɗaya daga hanyoyi biyun farko. A aikace, wa zai ƙi sa hannu bayan jagoran da ya kawo shi siyasa ya kira shi ɗaki? Ya ƙi, ya rasa wannan, ya rasa na gaba.

Kuma a APC ta Legas jagorori ba ɓoyayyu ba ne. Akwai majalisar dattawan jam'iyya da ake kira GAC, wadda maganarta ke da nauyi a rabon kujeru, akwai kuma tsofaffin ɓangarori biyu, Justice Forum da Mandate, da suka daɗe suna ja-in-ja a kan tikiti. A ƙasa, kowace ƙaramar hukuma tana da nata manya, kowace mazaɓa da nata karɓa-karɓa tsakanin layuka da gidaje: wannan karon na ɓangaren kaza ne, mai zuwa na su wane. Kundin tsarin mulki bai san wannan jerin ba, amma shi ke aiki, kuma ba a shiga cikinsa da kuɗin fom kaɗai, ko da yake fom ɗin ciyaman ya kai miliyoyin naira. Da zaman taro ake shiga. Taron mazaɓa a Legas abu ne mai rai, ana yin sa a kai a kai, a ƙarƙashin rumfar tamfol ko a harabar makarantar firamare, da littafin sa hannu, da kuɗin gudummawa, da waƙa, yawanci da Yarbanci. Wanda ya shekara biyar yana sa hannu a littafin nan, ya yi ejan a rumfa, ya kawo mutum ɗari ranar gangami, shi ake tunawa ranar rabo.

Ga yadda abin ya saba kasancewa a wurinmu. Saura wata biyu fid da gwani, matashi mai digiri, haifaffen unguwa, zai je gaban dattijo ya durƙusa: "Baba Alhaji, na zo neman albarka ne, ina so in fito kansila." Dattijo ya sa masa albarka, ya ce: "Allah ya taimaka, ɗana. Amma ka ga shugaban mazaɓa?" Sai yaro ya ce ai yana tunanin in Sarkin Hausawa ya yi magana a sama, shi ke nan. Kafin mako ya zagayo wani ɗan unguwar ya fito, bayansa na uku, kowa da attajirin da ya tsaya masa. Masu rabon tikiti ba su buƙatar hana kowa. Sai su ce ku je ku daidaita kanku tukuna, su kuma su ba wanda ya daɗe a layi.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa suna da amfani ƙwarai, kuma ta hanyarsu ake samun abin da ake samu: muƙamin mai ba da shawara, ko kansila mai gafaka, wanda ciyaman ke naɗawa ya kula da wani sashe. Har kwamishina an taɓa samu, lokacin da Gwamna Sanwo-Olu ya naɗa Kabiru Ahmed Abdullahi a zangonsa na farko. Ba abin rainawa ba ne. Sai dai kujerar naɗi kamar rigar aro ce, mai ita na iya karɓe kayarsa ranar da ya ga dama. Zaɓaɓɓen kansila yana da wa'adin shekara huɗu, yana zama a majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da yin dokokinta, kuma ciyaman na buƙatar ƙuri'arsa.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan kansila? A duba Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulki, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, makabarta, bayan gida na jama'a, lasisin keke da baro da kura, kula da shaguna da kes-kes da wuraren sayar da abinci, sa wa titi suna da ba gida lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Kai ka ce da Bahaushen Legas aka zauna aka rubuta jerin. Gaskiya ne gwamnatin jiha ta mamaye da yawa daga ciki, shara da manyan kasuwanni da tashoshi duk da hukumominta a kai, kuma dokar hana acaba daga Alausa ta fito. Amma rasit ɗin da ake yanka wa mai baro da safe, da wanda ake liƙa wa mai shayi, da maganar ƙarin filin makabarta, a sakatariyar ƙaramar hukuma ake yanke su.

Kuɗin ma ya ƙara nauyi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Legas ma ta taɓa zama a hannun naɗaɗɗun shugabanni na wasu shekaru kafin zaɓen 2017. Amma hukuncin ya taso mata da tsohon ciwo: asusun tarayya 20 ya sani. In kuɗi ya faɗo kai tsaye hannun ciyaman ɗin Agege, da wace doka za a tilasta masa ya raba da na Orile-Agege? A ƙarshen 2024 majalisar dokokin jihar ta tattauna ƙudurin da zai sauya matsayin LCDA, aka yi ta cece-kuce, daga baya dai aka yi zaɓe a duka 57. Matsalar tana nan kwance, kuma ta shafi duk wanda unguwarsa ta faɗa cikin 37 ɗin.

Saura zancen alƙalin wasa. Gwamna ke naɗa shugaba da kwamishinonin LASIEC, majalisar jiha ta tabbatar, kamar yadda kundin tsarin mulki ya tsara wa kowace jiha. Legas takan ɗauko tsofaffin alƙalai, irin su Mai Shari'a Ayotunde Phillips da Mai Shari'a Bola Okikiolu-Ighile wadda ta jagoranci na 2025. Duk da haka sakamakon iri ɗaya ne da na sauran jihohi, kuma kada ɗan Arewa ya yi saurin nuna yatsa: a Kano, a Oktoban 2024, NNPP ce ta cinye 44 ba ta rage ko ɗaya ba. A Abuja kuwa, inda INEC ke shirya zaɓen hukumomi shida, an raba uku da uku tsakanin APC da PDP a 2022. Wannan ne hujjar masu cewa a soke hukumomin jihohi a miƙa wa INEC komai. Ni dai ina ganin ko an yi hakan, a Legas sai an fara warware wata tambaya: INEC ba za ta shirya zaɓe a hukumar da kundin ƙasa bai ambata ba, don haka ko dai a shigar da 37 ɗin, ko kujerun kansila su ragu daga 376 zuwa 245. Raguwar kuwa tana nufin mazaɓu su ƙara faɗi, kuma mazaɓa mai faɗi ta fi saurin haɗiye 'yan tsiraru.

An yi zaɓen nan a 2017, da 2021, da 2025, duk a watan Yuli. In aka ci gaba a haka, na gaba zai faɗo a 2029, fid da gwani 'yan watanni kafin nan. Su kuwa shugabannin jam'iyya na mazaɓa, da rajistar jam'iyyar da za a ƙirga, da sauya wurin katin zaɓe daga 19 zuwa 24, duk kafin shekarar ake gama su.